Ɗaura Inji a Jirgin Ruwa da Zaɓen Farfela

Mu mutanen Rigachikun muna zaune a bakin hanyar mota da hanyar jirgin ƙasa, waɗanda suka tashi daga Kaduna suka nufi Zariya da Kano. Amma akwai hanya ta uku ba nisa da mu, ita ce ta ruwa. Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan ƙasar Jos. Ya biyo ta ƙasarmu ta Igabi, ya wuce ta gefen Rafin Guza da Malali da Unguwar Rimi da Kabala. Daga nan ya gangara Shiroro da Zungeru, har ya je ya faɗa Kwara daura da Pategi. Tsawonsa kimanin kilomita 550 ne. Har wa yau muna da madatsar ruwa ta Kangimi, wadda aka gina a shekarun 1970 domin ta taimaki birnin Kaduna da ruwan sha.

Mutane da yawa a kan ruwan nan suke cin abinci. Akwai masunta, akwai masu fito, akwai masu ɗibar yashi. A da gora da filafili kaɗai suka sani. Yanzu kuwa wasu suna ɗaura wa jiragensu inji, balle a manyan ruwaye irin su Shiroro da Kainji da Yawuri, inda samarinmu suke zuwa neman abinci.

Irin wannan inji da ake rataya shi a bayan jirgi ya daɗe a duniya. Wani mutum a Amurka, sunansa Ole Evinrude, ya soma ƙera shi domin sayarwa a 1909. Kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fitar da nasa na farko a 1960. Yau ga shi ya cika kogunanmu.

Inji dukiya ce babba. Mutum yakan yi shekaru yana tara kuɗinsa, wani ma sai ya sayar da saniya ko ya ci bashi. To, amma ga abin mamaki. Sai ka ga mutum biyu, jirginsu iri ɗaya, injinsu iri ɗaya. Na ɗaya yana tafiya sumul da mai kaɗan. Na biyu kuwa injinsa sai kuka, sai shan mai, kullum yana hanyar makaniki. Sau da yawa ba laifin inji ba ne. Abu biyu ne suka raba su. Na farko, yadda aka ɗaura injin. Na biyu, irin farfelar da aka sa masa. Su za mu koya a darasin nan.

SASSAN INJI

Kafin mu yi nisa, bari mu san sunayen abubuwan da za mu riƙa ambata.

Kai: shi ne na sama, inda fetur yake ƙonewa, ƙarfi ya fito.

Ƙafa: ita ce doguwar da ta sauka daga kai ta shiga ruwa.

Farfela: ita ce mai kunnuwa uku a ƙarshen ƙafa, wadda take juyawa kamar fanka.

Faranti: wani faffaɗan ƙarfe ne a jikin ƙafa, bisa farfela kaɗan. Aikinsa shi ne ya tare iska kada ta gangaro daga saman ruwa ta iske farfela.

Kafofin shan ruwa: wasu 'yan ramuka ne a ƙarƙashin faranti. Ta nan inji yake zuƙar ruwan da zai sanyaya shi.

Allon baya: shi ne katakon bayan jirgi, inda ake rataya inji.

To, ku lura da wannan magana, domin ita ce gindin darasin duka. Farfela ita ke tura ruwa baya, jirgi ya yi gaba. Kome ƙarfin kan inji, idan farfela ba ta kama ruwa sosai ba, ƙarfin nan ya tafi a banza. Mai noma ya san haka. Kome ƙarfin damtsensa, idan ƙotar garma ta yi masa tsawo ko ta gaza, sai ya gaji bai yi kunya goma ba.

AWON ALLON BAYA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a sayi inji ake auna jirgi.

A samo tef ɗin awo irin na tela ko na kafinta. A ɗora bakinsa a saman allon baya, daidai tsakiya. A sauke shi miƙe har ƙarshen gindin jirgi. A karanta, a rubuta a takarda.

Masu ƙera inji suna yin ƙafa iri-iri. Biyu ne suka fi yawa a ƙananan jirage.

Idan awon ya kama inci 15, watau kimanin santimita 38, jirgin yana son inji mai gajeriyar ƙafa.

Idan ya kama inci 20, watau kimanin santimita 51, yana son mai doguwar ƙafa.

Yaya za a gane su a kanti? Akwai wata 'yar alama ta ƙarfe a jikin maratayin inji, an rubuta lambarsa a kai. A injunan Yamaha, idan an ga harafin S a lambar, mai gajeriyar ƙafa ne. Idan harafin L ne, mai doguwar ƙafa ne. Wanda ya iya karanta baƙaƙen nan biyu, ba mai sayar masa da abin da bai dace da jirginsa ba.

Kwalekwalenmu na gargajiya bayansa tsini ne da shi. Irin wannan sai kafinta ya yanke tsinin ya kafa allo, ko kuwa ya ɗaura wani kakkauran katako a gefe wajen baya. Ko wanne aka yi, a yi shi da itace mai ƙwari irin su maɗaci, a ɗaure da noti. Kusa kaɗai ba ta isa ba. Inji mai ƙarfin doki 15 ya kusa kilo 40. Mai doki 40 ya wuce kilo 70, watau ya fi buhun siminti nauyi. Ga nauyi, ga jijjiga, ga turi, duk a kan katakon nan suke sauka.

INA FARANTI ZAI TSAYA?

A jawo jirgi tudu. A rataya inji a tsakiyar allo, a sauke ƙafarsa ta tsaya a miƙe. Sa'an nan a samo miƙaƙƙiyar sanda ko katako marar lanƙwasa. A manna shi a gindin jirgi ta ƙasa, a zuro shi baya har ya taɓa ƙafar inji. Yanzu a duba inda faranti yake.

Ga ƙa'ida. Faranti ya yi daidai da gindin jirgi, ko kuwa ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce inci 1 ba. Wasu kamfanoni sun yarda har inci 2 a ƙananan injuna. Jirgin katako mai nauyi, wanda ba ya gudu ƙwarai, ya fi son a sauke masa faranti ƙasa kaɗan ɗin nan. Amma kada faranti ya hau sama da gindin jirgi.

Lalle a yi gwajin nan na sanda ko da an sayi ƙafar da ta dace. Ƙafar wani kamfani takan ɗara ta wani da inci ɗaya ko biyu. Gani ya kori ji.

Bayan an tura jirgi ruwa, a sake dubawa. Yana tsaye ba kaya, ya kamata ruwa ya rufe faranti da aƙalla inci 4, watau faɗin tafin hannun babba. Idan bai kai haka ba, kada a tayar da inji.

IDAN INJI YA YI SAMA DA YAWA

Farfela za ta riƙa zuƙo iska tana haɗawa da ruwa. Iska kuwa ba ta da abin kamawa. Sai ku ji inji ya ɗauki ƙara farat ɗaya, amma jirgi bai ƙara gudu ba. An fi jin haka wajen shan kwana, ko cikin igiyar ruwa, ko idan mutane suka taru a goshin jirgi, baya ya ɗaga.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Kafofin shan ruwa za su riƙa fitowa waje. A cikin ƙafar inji akwai wani ɗan famfo na roba mai tura ruwa sama. Idan ya juya ba ruwa, cikin ɗan lokaci ƙanƙane robar take ƙonewa. Daga nan kai ya yi zafi, ƙarfe ya kama ƙarfe, inji ya tsaya. Idan wannan ya faru a tsakiyar kogi cikin watan Agusta, sa'ad da ruwa ya kawo, to sai abin da Allah ya yi.

Saboda haka matuƙi ya riƙa waiwaye. Akwai wani siririn ruwa da yake tsartuwa daga ƙarƙashin kan inji muddin yana aiki. Shi ne shaidar famfo lafiya yake. Da zarar ya ɗauke, a kashe inji nan take, a duba. Wani lokaci yashi ne ko leda ta toshe kafa.

IDAN INJI YA YI ƘASA DA YAWA

Ƙafa za ta nutse fiye da kima, ta zama kamar mutum yana jan sanda cikin ruwa. Jirgi ya yi nauyi, mai ya ƙare da wuri. Ruwa kuma ya riƙa fantsama daga ƙafar yana zubowa cikin jirgi. Hannun tuƙi ya yi tauri.

Ban da wannan, mun san halin koginmu. Da rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, ruwa yakan janye, yashi da duwatsu su matso sama. Kowane inci da aka ƙara wa ƙafa a banza, an ƙara kusantar da farfela ga dutse ke nan.

YADDA AKE GYARA

Idan inji ya yi ƙasa, gyaran mai sauƙi ne. A yanko katako mai ƙwari, a shimfiɗa a saman allon baya, a ɗaure shi tam. Amma a tabbata maɗauran inji guda biyu sun kama ainihin allon, kada su tsaya a kan ƙarin kawai.

Idan inji ya yi sama, sai a rage saman allo. Nan fa sai an yi hankali. Allon da aka zaftare da yawa ƙofa ce ga ruwa. Idan jirgi ya tsaya farat ɗaya, ruwan da ke biye da shi yakan haura ta nan. Idan abin da za a rage ya kai inci 3 ko 4, gara a musanya injin da mai doguwar ƙafa.

Kada a yi gaggawa. A canja rabin inci, a shiga ruwa a gwada da kayan da aka saba ɗauka. Idan bai yi ba, a ƙara rabin inci. Sannu ba ta hana zuwa.

In an gama, a murɗa maɗauran da hannu har su kama sosai. A sake taɓa su kowace safiya, domin jijjiga tana kwance su. A kuma ɗaure inji da igiya mai ƙarfi ko sarƙa a jikin jirgi. Idan ya suɓuce, igiyar ce za ta hana shi tafiya ƙasan kogi.

KARKATAR ƘAFA

A jikin maratayin inji akwai ramuka huɗu ko biyar a jere, da wani ƙarfe da ake zurawa cikin ɗaya daga cikinsu. Ƙafar inji a kan ƙarfen nan take jingina.

Idan aka sa shi a ramin da ya fi kusa da jirgi, ƙafa ta shige ciki, goshin jirgi ya duƙa yana huɗar ruwa. Idan aka sa shi a ramin da ya fi nisa, ƙafa ta fita waje, goshi ya ɗaga sama, baya ya nutse. Duka biyu ɓarnar mai ne, kuma akwai haɗari a ciki. Abin da ake so shi ne ƙafa ta tsaya a miƙe sa'ad da jirgi yake tafiya, faranti ya kwanta daidai da fuskar ruwa. A fara da ramin tsakiya, a gwada, sa'an nan a matsa rami ɗaya gaba ko baya.

Rabon kaya ma yana cikin wannan. A sa masu nauyi a tsakiya, a ƙasa. Kada a tara su gaba, kada a tara su baya.

LAMBOBIN FARFELA

Yanzu mun zo kan abu na biyu. Ku ɗauki farfela ku goge ta, za ku ga lambobi a jikinta, ko a kunne ko a gindi. Misali: 9¼ x 9, ko kuwa 11⅛ x 13. Ta farko irin ta inji mai doki 15 ce. Ta biyu irin ta mai doki 40 ce.

Lambar farko faɗin farfela ce, watau faɗin da'irar da kunnuwanta suke zagayawa, da inci.

Lamba ta biyu ita za mu kira taku. Ku tuna da sukuru sa'ad da kafinta yake murɗa shi cikin katako. Kowane juyi ɗaya, sai ya shige gaba kaɗan. Haka farfela take cikin ruwa. Taku shi ne nisan da za ta ci a juyi ɗaya. Mai taku 9, juyi ɗaya inci 9. Idan ta juya sau 100, inci 900 ke nan, watau ƙafa 75. Amma ruwa ba katako ba ne, yana da santsi. Saboda haka kullum abin da take ci yakan gaza lissafin nan.

Faɗi ba a cika taɓa shi ba, domin kowane inji da iyakar faɗin da zai shiga ƙarƙashin farantinsa. Taku shi ne abin zaɓe.

WANE TAKU YA DACE?

Ku dubi manyan motocin da suke wucewa ta gabanmu zuwa Zariya. Idan mota ta yi lodi ta zo hawa, direba yakan sauko ƙaramar giya. Idan ba kaya, hanya kuma ta miƙe, sai ya sa babba. To, injin jirgi ba shi da giya da yawa. Gaba ce, da baya, da tsayawa. Farfela ita ce giyarsa, kuma tun a tudu ake zaɓenta.

Ƙaramin taku, ƙaramar giya ke nan. Yana da ƙarfin jan kaya, ba shi da gudu. Shi ya dace da jirgin yashi, da na itace, da na hatsi, da mai haura ruwa da lodi.

Babban taku, babbar giya ke nan. Yana da gudu idan jirgi ba nauyi. Shi ya dace da ƙaramin jirgi mai mutum biyu ko uku.

Kowane inji akwai yawan juyin da aka yi shi domin ya yi idan an buɗe masa mai duka. An rubuta shi cikin littafin da ake bayarwa tare da injin. Yawancin injunan da ake haɗa musu fetur da baƙin mai, masu doki 15 ko 40, juyinsu tsakanin 4,500 ne da 5,500 a minti ɗaya. Farfelar kirki ita ce wadda ta bar inji ya shiga tsakanin lambobin nan biyu, alhali jirgi yana ɗauke da kayansa na kullum.

Akwai ɗan agogo mai ƙirga juyin inji. Ana naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi, lamba ta fito. A tambayi makaniki ko yana da shi. Masu jirgi biyar ko shida ma suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya.

Ga lissafin. Idan aka rage taku da inci 1, juyi yakan ƙaru da wajen 200. Idan aka ƙara taku da inci 1, juyi yakan ragu da wajen 200. A ce inji yana da farfela mai taku 13. An yi lodi, an buɗe mai duka, agogo ya nuna 4,200. Bai kai ba ke nan. Idan aka sa mai taku 11, an rage inci 2, juyi zai hau zuwa wajen 4,600. Ya shiga gida.

Idan ba agogo, kunne da ido suna taimako. Injin da taku ya yi wa yawa yakan yi nishi kamar jakin da aka labta wa kaya. Muryarsa ba ta washewa, jirgi ya daɗe bai ɗauki gudu ba, fulogi ya yi baƙi, mai kuma ya tafi. Irin wannan wahala tana cin inji ta ciki a hankali. Wanda taku ya yi wa kaɗan kuwa yakan yi tsuwa, kamar babur da aka bari a giya ta ɗaya. Shi ma ba zai yi tsawon rai ba.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Ƙasar Kaduna tana bisa tudu, wajen mita 600 sama da teku. Iskar tudu ba ta kai ta bakin teku kauri ba, inji kuwa da iska yake ƙona mai. Saboda haka injin da aka kawo daga Legas yakan rasa wajen kashi 6 cikin 100 na ƙarfinsa a nan. Farfelar da ta yi masa daidai can tana iya yi masa ɗan nauyi a wurinmu. Kada a ce ai da ita ya zo. A gwada.

Wanda yake aiki iri biyu, yau lodi gobe fito, ya kamata ya ajiye farfela biyu. Ko ba don haka ba, tilas ne a riƙa tafiya da ta ajiya, da sifana, da filaya.

ALMINIYAN KO FARIN ƘARFE?

Farfela iri biyu ce a kasuwa. Ta alminiyan ta fi araha. Idan ta bugi dutse, ita ke lanƙwashewa ko ta karye, giyar inji ta tsira. Ta farin ƙarfe ta fi ƙarko, ta fi tsada. Idan ta bugi dutse ba ta cika karyewa ba, sai bugun ya wuce ciki ya sami sandar da ke juya ta. A ruwa mai duwatsu irin namu, ta alminiyan ta fi rufin asiri. Kuɗin farfela kaɗan ne a kan kuɗin giya.

Wasu ƙananan injuna suna da wata 'yar kusa mai taushi da ke riƙe farfela. Da gangan aka yi ta domin ta karye idan an bugi abu. Kada a maye ta da kusar kafinta. A nemi irinta.

Manya kuwa roba ce a cikin gindin farfelarsu. Idan robar ta saki, inji zai yi ƙara, jirgi ya ƙi tafiya, kamar dai mai zuƙar iska. Ga yadda za a bambanta. A ja layi ɗaya da fenti daga tsakiyar gindin zuwa jikin farfela. A yi 'yar tafiya, a dawo a duba. Idan layin ya rabu biyu, roba ce ta saki. Idan yana nan yadda yake, sai a koma ga awon faranti, ko a duba ko kainuwa ce ko leda ta naɗe farfela.

Farfelar da kunnenta ya lanƙwashe ko ya gutsure tana sa jijjiga. Jijjigar nan tana lalata abin da ke tare ruwa kada ya shiga cikin giya. Kada a ci gaba da aiki da ita.

CANJA FARFELA

1. A yi aikin a tudu. Noti idan ya faɗa kogi ya tafi ke nan.

2. A kashe inji, a cire hular fulogi, domin kada ya tashi hannu yana wurin.

3. A soka guntun katako tsakanin faranti da kunnen farfela, ya riƙe ta.

4. A miƙe 'yar kusar da ke tare noti, a zare ta, a kwance noti.

5. A jera kome a kan tsumma bi da bi, yadda ya fito. Akwai wani zobe mai kauri a bayan farfela. Kada a manta da shi wajen mayarwa.

6. A duba ko zaren koma ko na fatsa ya naɗe sandar. A cire shi duka, domin yana yanka robar da ke tare ruwa.

7. A shafa giris, a zura sabuwar farfela, a ɗaure noti, a sa sabuwar kusa, a lanƙwasa bakinta.

RIBAR AWO

A ce mutum yana ƙona lita 10 kowace rana. A ce gyaran awo da canjin farfela sun rage masa lita 1 tak. Cikin kwana 30 ya tsira da lita 30. Ku tambayi kuɗin lita a gidan mai, ku buga lissafin da kanku. Ban da wannan ga kuɗin makaniki da ya huta biya, ga ranakun da ba zai zauna a tudu ba.

GARGAƊI

Wani zai ce, tun da ƙaramin taku yana jan kaya, bari in ƙara lodi. A'a. Farfela tana ƙara wa inji ƙarfin ja, amma ba ta ƙara wa jirgi girma ko da taƙi ɗaya. Haka kuma babban inji a kan ƙaramin jirgi yana danne baya, yana iya kifar da shi wajen kwana.

Ruwa ba sa'an kwando ba ne. A watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse a Kwara kusa da Warra, cikin Jihar Kebbi, mutane masu yawa suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar nan wani ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, aka rasa rai 29, yawancinsu yara 'yan makaranta. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a ƙasar Pategi, suna dawowa daga biki da dare. Allah ya jiƙansu. A duka ukun an ambaci yawan lodi.

Hukumar da ke kula da hanyoyin ruwa na ƙasar nan, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997, babban ofishinta yana Lakwaja. Ta hana lodi fiye da kima, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowa ya sa rigar ceto kafin ya shiga jirgi. Mu bi wannan. Kuma kome kyan inji, kada a bar gora da filafili a gida.

ABIN DA ZA MU RIƘE

A auna allon baya kafin a sayi inji. Faranti ya yi daidai da gindin jirgi, ko ƙasa da shi da inci 1. Ƙafa ta tsaya a miƙe. Kaya mai nauyi, ƙaramin taku. Kaya marar nauyi, babban taku. A gwada da lodin kullum. A riƙa duban siririn ruwan nan. Wanda bai gane wani abu ba ya tambayi makaniki ko tsofaffin matuƙa, matambayi ba ya ɓata. Wanda ya gane kuma ya karanta wa ɗan'uwansa mai jirgi.

TAMBAYOYI

1. Mene ne aikin faranti?

2. Allon bayan wani jirgi inci 20 ne. Wane harafi mai shi zai nema a jikin inji?

3. Faɗi abu biyu da ke faruwa idan inji ya yi sama da yawa.

4. An rubuta 11⅛ x 13 a jikin farfela. Wace lamba ce taku?

5. Farfela mai taku 12 ta juya sau 50. Inci nawa ke nan? Ƙafa nawa?

6. Wani inji yana juyi 4,300 da farfela mai taku 12. Idan aka sa masa mai taku 10, wajen nawa zai yi?

7. Don me ba a maye kusar farfela da kusar kafinta?